Takardar Kyaftin Nata'ala

Nata'ala Uwaisu Yelwa ya zauna a unguwar Camberwell ta London kusan shekara ɗaya da rabi, a hawa na biyu na wani tsohon gida mai jan bulo. In ka tambayi maƙwabtansa na lokacin abin da suka sani game da shi, ba za su wuce abu biyu ba: yana gaisuwa, kuma ba ya musu. Ko mai shagon kayan miya ya haɗa masa da ruɓaɓɓiyar albasa, sai ya karɓa ya yi godiya, alhali shi ɗan Yawuri ne, ya san albasa tun kafin ya san karatu. Abin da ya kawo shi London takarda ce guda ɗaya, shaidar da ke ba mutum ikon zama kyaftin na jirgin ruwa mai ratsa teku.

A gidan sarkawa aka haife shi, a bakin kogin Kwara. Mahaifinsa Uwaisu yana da babban jirgin katako da ke kai albasa da busasshen kifi Jebba da Lokoja. A cikin jirgin nan Nata'ala ya koyi ruwa, a nan kuma ya koyi ladabi. Ƙa'idar gidansu ita ce in babba ya ce ga hanya, to hanya ke nan. In ka hango tudun yashi a gaba tsoho bai gani ba, ba ka buɗe baki ka kunyata shi. Sai ka zura filafili a ruwa ka karkata jirgin a hankali, ka bar shi yana zaton shi ya yi dabarar. Nata'ala ya gwanance a wannan har ya fi 'yan'uwansa duka.

Da ya gama makaranta ya shiga aikin jiragen kogi a Lokoja, daga nan ya wuce Legas, ya hau manyan jiragen da ke kai gyaɗa da koko Ingila. Halin gida bai bar shi ba. An yi wata rana kusa da Dakar da kyaftin ɗinsu ya faɗi layin da za a bi, ya kuskure lamba. Nata'ala ya ce, "To, yallaɓai." Yana ganin kyaftin ya sauka shan shayi, ya matsa kusa da mai riƙe da sitiyari ya raɗa masa lambar daidai. Washegari shi ne har da yaba wa kyaftin kyawun hanyar da ya zaɓa. Shi ya sa duk kyaftin ɗin da ya yi aiki da shi yake rubuta masa wasiƙar yabo mai tsawo.

Ita kuwa takardar kyaftin ba a gadonta, ba a kuma roƙonta. Sai mutum ya yi shekaru a teku, kowace tafiya an buga masa hatimi a ɗan littafin aikinsa, kowane kyaftin ya sa hannu cewa ba mashayi ba ne kuma ya tsaya gadinsa. Sai ya ci takardar mataimaki na biyu, ya koma ruwa, ya dawo ya ci ta mataimaki na farko, ya sake komawa. Akwai gwajin ido a ɗaki mai duhu, inda ake kunna 'yan fitilu ƙanana daga nesa, ka faɗi ja ce ko koriya ko fara, domin da launin fitila ake gane inda jirgi ya dosa. Akwai kashe gobara, da taimakon wanda ya ji rauni, da aika saƙo da tutoci. Sannan rubutacciyar jarrabawa ta kwana da kwanaki: lissafin rana da taurari, yadda ake loda kaya jirgi bai kife ba, da dokokin teku. Bayan duk wannan sai jarrabawar baka, inda mutum zai zauna shi kaɗai gaban wani tsohon kyaftin, a tambaye shi duk abin da aka ga dama.

Lokacin kuɗin man fetur ne. Kamfanin da Nata'ala ke wa aiki yana ta sayen sababbin jirage, ga shi 'yan ƙasa masu takardar kyaftin ba su da yawa. A shekarar 1975 jirginsu ya yi wata huɗu tsaye a bakin Legas cikin ɗaruruwan jirage masu ɗauke da siminti, kowa na jiran layin shiga tasha. Abokan aikinsa suka shiga kamun kifi da karta, shi kuwa ya haddace littattafansa. A ƙarshen shekarar kamfani ya turo shi London, ya zo da matarsa Murja, suka bar 'ya'yansu biyu wajen kakarsu a Yelwa.

Mai gidan da suka kama haya wani tsoho ne ɗan Birom, Baba Bot. Ya yi haƙar kuza a Bukuru, ya yi soja a Burma, sannan ya yi shekara ashirin yana zuba kwal a tukunyar inji a cikin jiragen Turawa. Matarsa Juliana ta rasu, ba su bar ɗa ba. Kansa fari fat, hannunsa na hagu duk tabon ƙuna, kuma yana da wani tari da ake ji tun daga ƙofar gida. Tun ranar da Nata'ala ya ajiye akwatinsa ya ji tarin nan bai kwanta masa ba. Ya ce, "Baba, ko za a ga likita?" Tsohon ya ce, "Lafiyata lau, sanyin garin nan ne." Nata'ala ya ce, "Haka ne, Baba." Bai sake tayar da zancen ba, sai dai yakan sayo zuma da citta ya ajiye a kicin kamar an manta da su.

Rubutacciyar jarrabawa bai sha wuyarta ba. Gwajin ido ma ya wuce sumul. A watan Fabrairu na 1976 ya shiga bas zuwa ofishin jarrabawa da ke gabashin gari, kusa da tsofaffin tashoshin jirage. Wanda ya samu a ɗakin sunansa Kyaftin Hallam, dogon Bature mai furfura, sa'an mahaifinsa. A gabansa tebur ne da 'yan jiragen katako irin na wasan yara. Awa guda da rabi yana tambaya, Nata'ala na amsawa kai a sunkuye, bai kuskure ko ɗaya ba. Can sai tsohon ya ɗauki jirage biyu ya sa su suna fuskantar juna.

Ya ce, "Wannan naka ne, wancan yana tahowa kai tsaye. Ni shekarata talatin a teku, a irin wannan hagu nake karkatawa. Ko ba haka ba?"

Ko ɗan koyo ya san amsar. In jirage biyu suka yi gaba da gaba, kowa dama yake karkatawa. Nata'ala ya san haka kamar yadda ya san sunansa. Amma ga furfura a gabansa, ga shekara talatin an ambata, kuma a tebur ɗin nan babu mai riƙe da sitiyari da zai je ya raɗa wa. Ya ce, "Haka ne, yallaɓai."

Kyaftin Hallam ya rufe fayil. Ya ce masa ya koma teku wata shida kafin ya sake zuwa.

Ya koma, ya yi wata shidansa tsakanin tashar Tilbury ta Ingila da Apapa ta Legas, ya dawo. A hanya ya gane cewa tarko aka ɗana masa, saboda haka ya shirya amsa wadda a ganinsa za ta fitar da gaskiya ba tare da ta taɓa mutuncin kowa ba. A watan Oktoba Kyaftin Hallam ya sake kawo irin tambayar, wannan karon jirage cikin hazo. Nata'ala ya ce maganar yallaɓai tana da hikima ƙwarai, sai dai akwai waɗansu matuƙa da sukan bi wata hanya, kuma littafi ma kamar ya karkata wajensu. Tsohon ya tsaya yana kallonsa, ya ce, "Na yi daidai ko na yi kuskure?" Nata'ala ya ce, "Yallaɓai ya fi ni sani." Aka sake rufe fayil.

Bayan mako uku wasiƙa ta zo daga Legas. Kamfani zai karɓi sabon jirgi a watan Afrilu, kuma sunan Nata'ala aka rubuta a kansa. In har zuwa lokacin ba shi da takarda, za a ba wani, shi kuma ya tattara ya koma mataimaki, ba za a sake turo shi ba. Yana da shekara talatin da tara. Ya karanta wasiƙar sau biyu, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya tafi ya yi alwala.

Murja ba irinsa ba ce. Ita ma 'yar Yawuri ce, amma gidansu 'yan kasuwa ne, inda ba a jin nauyin cewa tsada ta yi yawa. Ta ce, "Malam, wai an yi failing ɗinka saboda ba ka sani ba ne, ko saboda ka sani ka yi shiru?" Ta sauka ƙasa wajen Baba Bot suka yi ƙus-ƙus, suka yanke shawarar cewa tunda furfura ce matsalar, to ga furfura a gida. Kullum a wajen shayin safe Baba zai riƙa sharara ƙarya har sai Nata'ala ya ƙaryata shi.

Abin ya zama wasan kwaikwayo. Ranar Alhamis Baba Bot zai ce yau Talata, Nata'ala ya ce kwanaki suna gudu. Ya ce kogin Kwara daga Masar yake tasowa, Nata'ala ya ce Allah mai iko. Wata rana tsohon ya ajiye kofi ya ce, "Ɗan Yawuri, ai albasa a kan bishiya take 'ya'ya, kamar mangwaro."

Gumi ya tsattsafo wa Nata'ala a goshi cikin sanyin Disamba. Ya ce, "To, Baba, a wajenmu dai a ƙasa ake shuka ta, amma ƙasashe sun bambanta."

Murja ta dafe kai ta ce, "Na shiga uku." Baba Bot ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da ya dafa tebur. Ya goge baki da hankici ya cusa shi aljihu da sauri. Nata'ala ya ga jinin da ke jikin hankicin. Ya kawar da kai, da yamma ya ƙaro zuma.

Haka aka yi ta yi har watan Maris ya kama, ba a ci gaba ko taku ɗaya ba. Wata ranar Lahadi, saura kwana huɗu ya shiga jarrabawar karo na uku, Baba Bot ya dawo daga coci ya kira shi falo. Wannan karon babu wasa a fuskarsa. Ya naɗe hannun rigarsa ya ɗora hannun nan mai tabo a kan gwiwa.

Ya ce, "Ka taɓa tambayata inda na samu wannan?"

"A'a, Baba, ban ga ya dace ba."

"To ka ji. Muna shigowa bakin wani kogi, mu huɗu muna ƙasa muna zuba kwal. Mu a ƙasa ba ma ganin komai, sai dai mu ji ƙararrawa mu yi abin da aka ce. Kyaftin ya juya inda bai kamata ba, wani jirgi ya doke mu a ciki. Bututun tururi ya fashe. Mu huɗu, biyu muka fito. Da aka zauna bincike, sai ƙaramin hafsa ya ce ai shi ya gani tun da wuri, amma bai iya faɗa ba. Shi tsoro ne ya rufe masa baki, kai kunya ce. Mu da ke ƙasa ba mu ga bambanci ba."

Nata'ala ya ce, "Baba, ai ni ba na bari a yi ɓarna. Ina gyarawa ne a ɓoye."

"Kana gyarawa in an ba ka lokaci, in babba ya tafi shan tea. In ka zama kyaftin fa? Za ku zo bakin tasha, a turo maka tsohon jagora mai farin kai ya hau jirginka ya shigar da ku. Yana tsaye kusa da kai, ya ce hagu, kai ka ga dama ce, saura minti biyu. Wa za ka je ka raɗa wa? Baturen nan ba ya ƙinka, my son. Yana so ya san ko akwai mutum a sama ne."

Nata'ala bai ce haka ne ba. Ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya tashi ya hau sama.

Ranar Alhamis Kyaftin Hallam ya tambaye shi kan gobara a ɗakin kaya, da yadda ake ceto wanda ya faɗa ruwa, da takardun da kyaftin ke sa wa hannu. Daga ƙarshe ya jawo 'yan jiragen nan biyu ya sa su gaba da gaba, daidai yadda ya yi shekara guda da ta wuce, har kalmomin bai canza ba. Shekararsa talatin a teku, hagu yake karkatawa, ko ba haka ba?

Nata'ala ya kalli ɗan jirgin katakon da aka ce nasa ne, ya kalli ƙasansa, wajen da ɗakin inji zai kasance. Bai ɗaga kai ba, wannan kam ya fi ƙarfinsa. Ya ce, "A'a, yallaɓai."

"Me ka ce?"

"Na ce a'a. Dama ake karkatawa."

Tsohon ya ɗaga murya. "Kana nufin ni ban san aikina ba?"

"Ina nufin a nan ka yi kuskure. In ka bi hagu zai doke ka a ciki, kuma akwai mutane a ƙasa. In jirgina ne, ba zan bar ka ka juya shi hagu ba."

Kyaftin Hallam ya mayar da jiragen cikin akwatinsu ɗaya bayan ɗaya, ya jawo wata takarda ya sa hannu, ya miƙo masa. Ya ce, "Na taya ka murna, Kyaftin."

Da wani ne, da gudu zai fita. Nata'ala ya tsaya a baranda kusan awa guda, har tsohon ya fito da hularsa zai tafi cin abinci. Ya tare shi, ya ɗan rusuna, ya roƙe shi ya yafe masa maganar da ya faɗa a ciki. Baturen bai gane abin da ake ba shi haƙuri a kai ba. Ya girgiza masa hannu ya wuce.

A gida Murja ta rangaɗa guɗa har maƙwabciyarsu ta leƙo ta taga. Baba Bot yana kan kujerarsa lulluɓe da bargo, ya karɓi takardar ya nisanta ta da idonsa yana dubawa, yana murmushi. Ya buɗe baki zai yi tsiya, tari ya riga shi. Ya daɗe yana yi. Da ya lafa ya ce, "Kada ku damu, lafiyata lau, sanyin garin nan ne."

Nata'ala yana tsaye da rigar sanyinsa bai ko cire ba. Ya ce, "A'a, Baba. Ba sanyi ba ne. Tashi mu tafi asibiti."

Tsohon ya dube shi ya ce, "Yau ba practice muke yi ba."

"Na sani. Murja, ɗauko masa takalmansa."

Babban asibitin Camberwell ba shi da nisa da gidan, amma sai da suka tsaya sau uku a hanya Baba ya huta. Aka kwantar da shi, aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Bayan kwana biyu likitar da ke duba shi, wata mata da ba ta kai Nata'ala shekaru ba, ta kira Nata'alan gefe. Ta ce ciwon ya ci huhu ya yi nisa, da a bara aka kawo shi da akwai abin da za a gwada. Ta ɗauko biro ta tambaye shi tun yaushe tsohon yake wannan tari.

Ya san amsar har da ranar. Ya ce, "Tun da na zo gidan, wata goma sha shida."

"Me ya hana a kawo shi?"

"Ya ce lafiyarsa lau."

"Kuma ka yarda?"

Nata'ala ya ce, "A'a. Ban taɓa yarda ba."

An binne Baba Bot kusa da matarsa Juliana, saura mako biyu a karɓi sabon jirgin. Nata'ala ya tsaya a bayan masu addu'a har suka gama. Ya tuƙa jirgin zuwa Legas a watan Afrilu, ya yi shekara goma sha ɗaya yana kyaftin, bai taɓa rasa mutum a teku ba. Waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa sun ce mutum ne mai sanyin hali, abu ɗaya ke ɓata masa rai, ya faɗi magana a ce masa haka ne da sauri. Sauran kyaftin-kyaftin sukan sa takardarsu a gilashi su rataye a bango. Tasa tana ƙasan akwati, Murja ce ke fito da ita in za a sabunta wani abu a ofis, ta mayar.